Wane Mashal Ne Wannan? Muhawara a Kan Gane Manyan Sojoji da Shugabanni a Tsofaffin Hotuna

Auwalu:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Ga wani hoto mai baƙi da fari da aka turo mini, an rubuta a ƙasansa cewa Janar Georgy Zhukov na Tarayyar Sobiyat ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da yake kare birnin Mosko daga rundunar Jamus a ƙarshen shekarar 1941. An ɗauki mutumin daga ƙugu zuwa sama, babu hula a kansa, kuma kan nasa a aske yake ƙwal. A kan kowace kafaɗa akwai faffaɗan allon muƙami mai babban tauraro ɗaya da tambarin ƙasa. A ƙirjinsa na hagu akwai ƙananan taurari biyu a sama, a ƙarƙashinsu jerin lambobin yabo, sannan can ƙasa akwai wata babbar lamba guda ɗaya mai siffar tauraro. Na daɗe ina nazarin hotunan Zhukov, kuma zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma na kasa gano abin da ya hana ta kwanciya. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su duba mini, su kuma nuna mini hanyar da suka bi, domin hanyar ce na fi buƙata a kan sunan.

Nasiru:
Wa alaikumus salam, Auwalu. Wannan ba Zhukov ba ne, kuma ba sai an yi doguwar wahala ba kafin a gane haka. Zhukov yana da faffaɗan muƙamuƙi da tsaga a tsakiyar haɓa wadda ba ta ɓuya ko a hoton da ya dushe, kuma wuyansa gajere ne mai kauri. Wannan mutumin haɓarsa ba ta da tsaga ko kaɗan. A ganina Mashal Ivan Konev ne (mashal muƙamin soja ne da ke sama da janar), wanda ya jagoranci ɗaya daga cikin rundunonin da suka afka wa Balin a watan Afrilun 1945, daga nan ya wuce Prague. Wanda ya saba da fuska yana gane ta kamar yadda yake gane muryar ɗan gidansu daga bayan katanga, kuma wannan sabon shi ne jarin duk mai wannan sha'awa tamu.

Malam Habibu:
Nasiru, mai yiwuwa sunan da ka faɗa daidai ne, amma yaron nan hanya ya tambaya, kuma "na saba da fuskar" ba hanya ba ce da wani zai iya bi a bayanka. Bari mu ajiye fuskar tukuna, mu tambayi kayan da ke jikinsa.

Abu na farko shi ne allon kafaɗa. Bayan juyin juya halin 1917 an kawar da allon kafaɗa daga kakin sojan Rasha, saboda ana ganinsa alama ce ta hafsoshin sarki, aka mayar da alamar muƙami kan kwalar riga. Ba a dawo da shi ba sai a watan Janairun 1943. Saboda haka duk hoton hafsan Tarayyar Sobiyat da ka gani da allo a kafaɗa, an ɗauke shi ne daga 1943 zuwa gaba, kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe rubutun da ke ƙasan hotonka, ko da kuwa Zhukov ɗin ne a ciki. A lokacin yaƙin Mosko ma bai zama mashal ba, sai a ranar 18 ga Janairun 1943 aka ba shi wannan muƙami.

Abu na biyu shi ne ƙananan taurarin nan biyu. Kowane ɗaya tauraron zinariya ne na Gwarzon Tarayyar Sobiyat, kuma ana sa su a saman dukkan sauran lambobi. Zhukov ya samu wannan lamba sau huɗu: a 1939 saboda yaƙin Khalkhin Gol da Japanawa, sai a watan Yulin 1944, sai a watan Yunin 1945, sai kuma a 1956. Ka ga ke nan ƙirjinsa kamar kalanda yake. Idan ka gan shi da tauraro ɗaya, kafin Yulin 1944 ne. Idan uku ne, tsakanin 1945 da 1956 ne. A 1941 ɗaya tak yake da shi.

Abu na uku shi ne babbar lambar da ke ƙasa, wadda ita ce Lambar Nasara, mafi girma a lambobin yaƙi na ƙasar, kuma ba a fara ba da ita ba sai a watan Afrilun 1944. Zhukov na cikin waɗanda aka fara bai wa, aka kuma ƙara masa ta biyu a ƙarshen Maris na 1945.

To a nan ne nake so ka lura, Auwalu. Taurari biyu da Lambar Nasara ɗaya ba su kore Zhukov ba, domin daga Yulin 1944 zuwa Maris na 1945 haka ƙirjinsa yake daidai. Abin da muka tabbatar zuwa yanzu shi ne shekarar da aka rubuta ƙarya ce. Ba mu tabbatar da cewa sunan ma ƙarya ba ne. Ka faɗaɗa hoton, ka duba mana jerin lambobin da ke ƙarƙashin taurarin ɗaya bayan ɗaya.

Nasiru:
Ranka ya daɗe Malam, na ƙaru da wannan bayani, amma ina da ja a kan fifita kaki a kan fuska. Kaki ma yana ruɗarwa, kuma manyan mutanen nan su ne suka fi kowa karya dokar sutura, saboda babu mai tsawata musu. Robert E. Lee shi ne babban kwamandan 'yan Kudu a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, amma taurari uku na kanal yake sawa a kwalarsa, ba alamar janar ba. Wanda ya bi kaki kaɗai zai sauke shi daga muƙaminsa. Charles de Gaulle taurari biyu na birgediya ya samu a 1940, kuma da su ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. A hoton taron Kasabalanka na Janairun 1943, inda aka sa shi ya yi musabaha da Janar Henri Giraud a gaban Roosevelt da Churchill, Giraud ne mai taurari biyar. Idan da kaki za a bi, sai a ce Giraud ne jagoran Faransa na gobe, alhali cikin shekarar nan de Gaulle ya ture shi gefe. Janar Montgomery na Birtaniya kuwa baƙar hular sojan tanka yake sawa da baji biyu a jikinta, abin da doka ba ta yarda da shi ba. Shi kansa Churchill, firaminista ne farar hula, amma a taron Tehran da kakin sojan sama ya zauna aka ɗauke shi.

Malama Zulaihat:
Yaya Nasiru, misalanka gaskiya ne, amma ka lura cewa dukkansu sanannun abubuwa ne da aka rubuta, har sun zama alamar gane mutanen. Hular Montgomery mai baji biyu taimaka mana take yi, ba ruɗa mu ba. Ruɗin fuska ya fi haɗari domin mai shi ba ya sanin ya ruɗe. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma tarihin yaƙi ya tabbatar da haka a aikace. A watan Mayun 1944, gab da saukar sojan ƙawance a Nomandi da ke arewacin Faransa, hukumar leƙen asirin Birtaniya ta ɗauki wani ƙaramin hafsa ɗan wasan kwaikwayo mai suna Clifton James, ta sa masa kayan Montgomery, ta tura shi Jibralta da Aljas domin Jamusawa su zaci ta kudu za a kawo hari. Mutane sun tsaya kusa da shi sun sara masa. Abin da ya bambanta shi a fili shi ne ya rasa yatsa ɗaya a hannun dama tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, har sai da aka yi masa na roba.

Akwai kuma Sarki George na Biyar na Ingila da Sarki Nicholas na Biyu na Rasha, waɗanda iyayensu mata ya da ƙanwa ne, 'ya'yan sarkin Denmak. Gemu iri ɗaya, idanu iri ɗaya. A hoton da aka ɗauke su tare a Balin a 1913, wajen bikin 'yar Sarkin Jamus, dukkansu biyun kakin sojan Jamus suka sa, domin al'adar sarakunan Turai ce a ba juna muƙamin girmamawa a rundunonin juna. A wannan hoton fuska ba ta raba su cikin sauƙi, kaki ma bai faɗi ƙasarsu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hotunan fim da ake yaɗawa a matsayin na gaskiya. Sau da yawa na ga an sa fuskar Anthony Quinn, wanda ya fito a matsayin Umar Mukhtar a fim, an rubuta cewa shi ne shehin da ya yi shekaru kusan ashirin yana yaƙar Italiya a Libiya. Ga shi kuwa akwai hoton mutumin na ainihi, tsoho ɗaure da sarƙa a tsakiyar jami'an Italiya bayan an kama shi a watan Satumbar 1931, kwanaki kaɗan kafin a rataye shi. Wanda ya ba da ransa haka ya cancanci a san fuskarsa shi, ba ta wanda ya kwaikwaye shi ba.

Malam Habibu:
Madalla, Malama. Ni ban ce a jefar da fuska ba, Nasiru. Cewa na yi a yi mata tambaya a ƙarshe. Kaki da lambobi suna rage yawan waɗanda ake zato daga ɗaruruwa zuwa uku ko huɗu, kuma suna yin haka da hujjar da kowa zai iya bincika. Bayan nan sai fuska ta zaɓi ɗaya a cikin ukun. Idan ka fara da fuska, sunan da ya fara zuwa zuciyarka shi ne wanda ka fi sani, kuma daga nan duk abin da ka gani sai ka karkatar da shi wajensa. Wannan ne dalilin da ya sa kowane mashal na Rasha ya zama Zhukov a intanet, kowane Bajamushe mai tabaran kare ƙura a hula ya zama Rommel, kowane Bafaranshe mai farin gashin baki ya zama Foch, alhali Joffre da Pétain ma farin gashin baki gare su, kuma su ukun duk sun zama mashal tsakanin 1916 da 1918.

Auwalu:
Malam, na faɗaɗa hoton iyakar yadda zai yiwu kafin ya fashe. Yawancin lambobin ba sa karantuwa, amma akwai ɗaya zagayayya a jere na biyu wadda ke ɗauke da kan mutum mai gashin baki, an nuno shi ta gefe, kuma ƙyallen da aka rataye ta da shi yana da baƙaƙen layuka uku a tsaye. Rigar tana da maɓallai jere biyu, da ado a kwala da bakin hannu. Babbar lambar ta ƙasa ɗaya ce, na duba sosai ko akwai ta biyu da hannu ya rufe, babu.

Malam Habibu:
Alhamdu lillahi, ka kawo abin da ake nema. Kan da ka gani na Stalin ne, shugaban Tarayyar Sobiyat a lokacin, kuma da irin ƙyallen da ka siffanta, mai layukan baƙi da ruwan lemo, lambar ita ce ta Nasara a Kan Jamus, wadda aka kafa a ranar 9 ga Mayun 1945. Ke nan ba a ɗauki hoton kafin wannan rana ba. Yanzu Zhukov ya fita, domin a lokacin Lambar Nasara biyu yake da ita, kuma daga farkon Yuni taurarinsa uku ne. Irin rigar da ka bayyana ta yi daidai da ta faretin nasara da aka yi a Mosko ranar 24 ga Yunin 1945, wanda Zhukov ya karɓa a kan farin doki, Rokossovsky ya jagoranta a kan baƙi.

Sai mu duba wa ya rage. Muna neman mashal mai taurarin zinariya biyu da Lambar Nasara ɗaya. Vasilevsky ya fita, domin shi ma Lambar Nasara biyu gare shi. Rokossovsky ya cika sharuɗɗan, domin ya samu taurarinsa a Yulin 1944 da Yunin 1945, amma dogo ne mai gashi a kai, kuma daga 1949 kakin Poland yake sawa na wasu shekaru, tun da an naɗa shi ministan tsaron ƙasar. Konev ma ya cika, kuma ranakun taurarinsa ɗaya ne da na Rokossovsky. Akwai wani da bai kamata a manta da shi ba, wato Semyon Timoshenko, wanda shi ma kansa a aske yake ƙwal, ya zama mashal tun 1940, kuma ya samu Lambar Nasara a 1945. Sai dai tauraronsa na biyu bai zo ba sai a 1965, yana da shekara saba'in. Malinovsky ma na biyunsa a 1958 ya zo, kuma shi mai yalwar gashi ne. Masu askakken kai biyu ke nan suka rage, Konev da Timoshenko. To yanzu, Nasiru, fagen naka ne.

Nasiru:
Na gode, Malam. Mutumin da ke hoton nan bai kai saba'in ba, fatar wuyansa ba ta saki ba, kuma zai yi shekara hamsin ko ƙasa kaɗan. An haifi Konev a ƙarshen 1897, ke nan a tsakiyar 1945 yana da arba'in da bakwai. Timoshenko na 1965 zai zo da tsufa a fuska da kuma lambobin bukukuwan cikar shekaru da aka yi ta rabawa bayan yaƙi, jerin zai fi wannan tsawo. Ban da haka Timoshenko ƙato ne dogo mai doguwar fuska.

Tun da an ba ni fage, bari in kare fuska da hujjar da za a iya bi. Ba kowane sashe nata ne abin dogaro ba. Gemu da gashin baki da ƙiba suna zuwa suna tafiya. Abraham Lincoln ba shi da gemu sai bayan zaɓen Nuwambar 1860, don haka gemun nasa yana gaya mana lokaci ne, ba ya gaya mana mutum. Abin da ba ya canzawa sosai shi ne kunne, da tazarar da ke tsakanin idanu, da ƙashin goshi. Alphonse Bertillon na 'yan sandan Faris ya gane haka tun a shekarun 1880, shi ya sa ya dage a riƙa ɗaukar masu laifi ta gaba da ta gefe domin kunne ya fito. Idan za ka gwama hotuna biyu, Auwalu, ka nemi waɗanda aka ɗauka ta kusurwa ɗaya, ka duba ko fatar kunnen a manne take ko a sake, da yadda bakin kunnen ya naɗe. Na gwada na hotonka da wasu tabbatattun hotunan Konev, kuma ban ga saɓani ba.

Raunukan yaƙi ma shaida ce mai ƙarfi. Janar Gouraud na Faransa ya rasa hannun dama a Gallipoli a 1915. Admiral Yamamoto ya rasa yatsu biyu na hannun hagu a yaƙin ruwa na Tsushima a 1905. Carton de Wiart na Birtaniya ya rasa idon hagu a Somaliya a 1914, ya rasa hannun hagu a shekarar da ta biyo. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu da naƙasasshen hannun hagu aka haife shi, kuma za ka ga kusan kullum ya ɗora shi a kan ƙotar takobi ko ya riƙe safar hannu da shi domin ya ɓoye gajartarsa.

Hajiya Bilkisu:
Na bi muhawarar nan tun daga farko, kuma na ji daɗin yadda kuka kai ga Konev. Sai dai ku duka biyun, Malam Habibu da ɗana Nasiru, kun yarda da abu ɗaya ba tare da kun tambaye shi ba, wato cewa hoton yana nuna abin da ya tsaya a gaban kyamara. A hotunan Tarayyar Sobiyat musamman, wannan ba abin ɗauka ba ne kai tsaye. Gyaran hoto aikin hukuma ne a can. Akwai hoton Stalin yana tafiya a bakin mashigin ruwan Mosko tare da Voroshilov da Molotov da Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki. Bayan an harbe Yezhov a 1940 sai aka sake fitar da hoton babu shi, aka cike gurbinsa da ruwa. Haka aka share Trotsky daga gefen mumbarin da Lenin yake jawabi a kai a 1920. Wanda zai iya cire mutum ɗungurungum, ƙara tauraro ɗaya a ƙirjin tsohon hoto ba zai gagare shi ba. Don haka ka duba, Auwalu, ko inuwar taurarin tana faɗuwa gefe ɗaya da inuwar maɓallan rigar, ko kuwa sun fi sauran hoton kaifi kamar an zana su.

Na biyu, a tabbatar ba a juya hoton ba. Idan aka kifa dodon hoto, wato fim ɗin da ake fitar da hoton daga jikinsa, wajen wankewa, dama ta koma hagu. Nasiru ya ambaci hannun Gouraud, to idan ka gan shi da hannun riga na hagu babu kowa a ciki, ba wani janar ba ne daban, hoton ne aka juya. Rigar maza gefen hagu ne ke hawa kan na dama, kuma jerin lambobin yabo a hagu yake zama. Hotunan farko da ake yi a kan farantin ƙarfe yawancinsu a juye suke fitowa tun asali, kamar madubi.

Na uku shi ne wanda ya fi sauƙi, kuma shi aka fi mantawa. Ba a bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya ba sai a 1839. Duk wanda ya rasu kafin nan ba shi da hoto, sai dai zane. George Washington ya rasu a 1799, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, Napoleon a 1821, amma za ka ga ana yaɗa hotunan kyamara da sunayensu. Wellington, wanda ya ci Napoleon a Waterloo a 1815, ya yi tsawon rai har aka ɗauke shi a 1844, tsoho ɗan shekara saba'in da biyar cikin kayan gida. Tazarar nan ce ta raba wanda muka san fuskarsa da wanda muka san yadda mai zane ya so mu gan shi.

Sannan bayan hoto yakan fi gabansa magana. Hatimin mai ɗaukar hoto da adireshinsa, lambar taskar da ta ajiye shi, takardar bayani da kamfanin labarai ya manna, duk suna can. A Amurka an sa harajin kan sarki a kan hotuna daga 1864 zuwa 1866, don haka kan sarki a bayan ƙaramin katin hoto yana tsayar da shekarunsa. A Turkiyya an bar haruffan Larabci a 1928, an kuma kafa dokar hula a 1925, saboda haka hoton Mustafa Kemal da doguwar hular fata da rubutun Larabci a ƙasa yana nuna zamanin da bai zama Atatürk ba tukuna, sunan da aka ba shi a 1934.

Alhaji Garba:
Hajiya ta yi magana. Ni ɓangaren 'yan siyasa na fi bi, kuma su sun fi wuya domin kwat ba ta da anini. A wajensu abin da ke taimako shi ne wa ke zaune kusa da wa. Mutane suna rikita tarukan manyan ƙasashe uku na Yaƙin Duniya na Biyu, alhali hotunan sun bambanta sarai. A Tehran, ƙarshen Nuwambar 1943, Stalin ne a hagun mai kallo, Roosevelt a tsakiya, Churchill a dama. A Yalta, Fabrairun 1945, Churchill ya koma hagu cikin babbar rigar sanyi, Stalin ya koma dama, Roosevelt yana tsakiya da mayafi a kafaɗa, ya rame ƙwarai, kuma watanni biyu bayan nan ya rasu. A Potsdam babu Roosevelt, Truman ne, Stalin kuma farar riga ya sa. Idan Churchill ne a gefen Truman, farkon taron ne, kafin 26 ga Yulin 1945. Idan wani siriri mai sanƙo da ɗan gashin baki ne, to Clement Attlee ne, kuma an ɗauki hoton bayan 26 ga Yuli, ranar da sakamakon zaɓe ya kayar da Churchill. Hoto ɗaya ya ba ka mako, ba shekara kaɗai ba.

Haka yake a hoton miƙa wuyan Japan a kan jirgin ruwan Missouri ranar 2 ga Satumbar 1945. Mai doguwar hula da sanda shi ne ministan harkokin waje Shigemitsu, wanda bam ya cire wa ƙafa a Shanghai a 1932. Janarorin Amurka kuwa, taurari biyar ba su wanzu ba sai a Disambar 1944, lokacin da aka bai wa Marshall da MacArthur da Eisenhower da Arnold. Eisenhower na ranar saukar Nomandi taurari huɗu gare shi.

Malama Zulaihat:
Ina so in ƙara gargaɗi ɗaya a kan abin da Hajiya ta faɗa, domin yanzu ba hukuma kaɗai ke gyaran hoto ba. Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi ba su san launin ƙyallen lamba ba, cinta suke yi, kuma wanda ya dogara da launin da suka sa zai karanta lambar da ba a taɓa bai wa mutumin ba. Ko a baƙi da farin ma a yi hattara, domin fim ɗin da aka fi amfani da shi har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya yana mayar da ja da rawaya su yi duhu, shuɗi kuma ya yi fari-fari. Shi ya sa jan wandon sojan Faransa na 1914 yake fitowa kamar baƙi. Waɗanda suka fi ɓarna su ne manhajojin da ke "gyara" fuskar da ta dushe, domin suna ƙirƙiro ido da kunne da haɓa daga fuskokin wasu mutane. Idan hoton Auwalu ya bi ta irin wannan manhaja kafin ya iso gare shi, gwajin kunnen da Yaya Nasiru ya yi bai da tushe. Binciken hoto a intanet yana da amfani wajen nemo kwafi mafi tsufa kuma mafi girma, amma sunan da ya fi yawa a sakamakon ba hujja ba ne, domin shafi ɗari na iya kwafo kuskure ɗaya daga wuri ɗaya.

Nasiru:
Wannan gaskiya ne, Malama. Na sake dubawa, ƙwayoyin fim suna nan a fuskar daidai da yadda suke a rigar da bangon baya, kuma fatar ba ta yi santsin nan na hoton da manhaja ta taɓa ba. Ina nan a kan Konev. Kuma har yanzu ina ganin da ba don idon Auwalu ya ƙi yarda da fuskar tun farko ba, da babu wanda zai tsaya ƙirga taurari.

Malam Habibu:
Ban musa maka wannan ba. Abin da nake ba da shawara a rubuta a ƙarƙashin hoton shi ne: mashal na Tarayyar Sobiyat, ba kafin Yunin 1945 ba, mafi rinjayen zato Ivan Konev. A bar kalmar zato a wurin har sai an samu kwafin da ke da lambar taska ko sunan wanda ya ɗauka. A kuma rubuta dalilan a taƙaice, wato allon kafaɗa, taurari biyu, Lambar Nasara ɗaya da lambar 9 ga Mayu, domin wanda ya zo daga baya ya iya gwada su da kansa.

Auwalu:
Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Na rubuta bayanin yadda Malam ya tsara. Hajiya, na duba inuwar taurarin, tana faɗuwa ƙasa ta hagu daidai da ta maɓallan, kuma gefen hagu na rigar ne a sama, don haka ba a juya hoton ba. Wanda ya turo mini ya ce daga wata tsohuwar mujalla aka ɗauko shi, kuma na roƙe shi ya ɗauko mini shafin gaba ɗaya tare da bangon mujallar, domin mu ga shekarar bugu da ko an ambaci mai ɗaukar hoton a gefen shafi. Da zarar ya aiko zan ɗora a nan.